Allo Mai Girman Tafin Hannu

Shekara ashirin da biyu na yi a masaƙar Kakuri,
ina gane ciwon inji tun kafin ya yi tari.
Ranar da aka garƙame ƙofa
na dawo gida da sukudireba uku
da kunnen da ya ƙi yin ritaya.

Yanzu ƙwai nake so in ƙyanƙyashe.
Na sayo mataccen firij a Panteka,
na yi masa ƙofa, na saka ƙwan fitila biyu.
Saura mai gadin zafi,
wanda zai juya ƙwai ina barci,
ya tashe ni in abu ya ɓaci.

Ramlatu, 'yar ƙanena da ke karatu a Poli,
ta ce, Baffa, kwamfuta za ka saya.
Na ce, ni da buhun dusa ma sai na yi lissafi?
Ta buɗe tafin hannunta.
Ta ce, iyakar girmanta ke nan.

A shagon Bulus, can bayan Leventis,
alluna uku ya jera mana bisa gilashi,
kore shar, tsirara, ba riga ba murfi.
Na farko har da 'yar fankarsa,
kuɗinsa ya kusa na tunkiya,
ga ci, sai an nemo masa cajarsa ta daban.
Na biyu kamarsa ɗaya da na farko, rabin kuɗi.
Hannuna ya tafi can.
Bulus ya ce, Baba, zan sayar maka,
amma ranar da ya yi gardama
ba ka da wanda za ka tambaya,
ni kaina ban iya karanta takardarsa ba.
Araha dai ba ta ado.
Na ukun bai fi biskit ba,
ba ya sauri, ba ya zafi,
batirin babur ya ishe shi kwana.
Na juya shi, na duba bakin dalmarsa.
Aikin mai hankali ne. Na biya.

Sai rigimar abin da za a zuba masa a ka.
Ramlatu ta zaɓi babbar manhaja mai tagogi,
mai hoton tsauni da kibiya mai yawo.
Na ce, kaza na kallon hoto ne?
Ta yi dariya, na bar ta,
don ni ma tsaunin ya burge ni.

Dare na tara aka ɗauke wuta.
Aka kawo, aka sake ɗaukewa.
Da asuba allon ya farka bai san sunansa ba,
katin ya rikice,
ƙwai talatin sun yi sanyi kamar duwatsun rafi.
Ban yi magana ba.
Ita ma ba ta yi ba, sai da ta gama shan koko.

Ta goge katin tas.
Ta zuba wata marar kwalliya,
baƙin fili, fararen haruffa,
wadda ba ta rubutu a kati sai an ce ta rubuta.
Ni kuma na ciro batirin tsohuwar Jinchen ɗina,
na haɗa waya yadda aka koya mini a masaƙa,
ja da ja, baƙi da baƙi, a ɗaure tamau.

Kwana ashirin da ɗaya.
Ruwan Agusta na dukan kwano,
amma kunnen nan nawa ya tsinto shi a ƙasan ruwan:
ƙwas.
Sai kuma tsiyau.

Sha tara daga arba'in.
Ba abin kai wa kasuwa ba ne,
Bulus ma ya ce biyu nasa ne.

Jiya na ga Ramlatu tana ƙirga kuɗin asusunta.
Mai fankar nan take hari.
Wai za ta sa masa ido a bakin kogi, wajen Kabala,
ya riƙa faɗa wa unguwa in ruwa ya fara hawa.
Na ce, wace manhaja?
Ta ce, Baffa, kogi ma ba ya kallon hoto.