Inuwar Ƙarfe Sha Ɗaya

Aikina neman abin da bai fashe ba.
A hawa na uku, a birnin Kiel,
inda taga ke kallon tashar jiragen ruwa,
nakan sunkuya kan tagwayen hotuna,
in kafa musu tabarau mai ƙafafu,
sai garin da ya kwanta ya miƙe tsaye,
hasumiyar coci ta taso kamar za ta tsone min ido.

Babban rami ba ya damuna,
shi ya riga ya faɗi abin da ke bakinsa.
Ƙaramin nake bi, ɗigo kamar kan allura,
inda bam ya nutse ya yi gum,
shekara tamanin yana riƙe da numfashi
ƙarƙashin filin wasan yara ko rumfar kekuna.

Tsoho Brodersen da ya koya min,
mai tari, mai alewa a aljihun riga,
ya ce sana'ar da kwando ta fara:
mutum yana reto ƙarƙashin balan-balan,
fensir a hannu, haƙora na kaɗawa,
yana zana tantunan abokan gaba.
Aka ɗaura wa tattabara 'yar kyamara a ƙirji,
ta dawo da gari guda, da bakin fiffikenta a gefe.
Sai jiragen katako da zane,
yaro ya leƙo, rabin jikinsa a iska,
yana sauya farantin gilashi da sandararrun yatsu.
"Kowa so yake ya ga bayan tudu," in ji shi,
sai ya yi tari, ya miƙo min alewa.

Ran Talata na buɗe kwali na arba'in da bakwai.
Bazarar ƙarshe ta yaƙi. Unguwarmu.
Na bi layin taragu da bakin fensir,
na karya kwana inda kantin burodi yake a da,
na ƙirga rufi: ɗaya, biyu, babu, babu, biyar.
Gidan kakata Irmtraut.

A tsakar gidan akwai farin layi.
Zannuwan gado ne a kan igiya.
Gefensu ɗigo, ɗigon yana da inuwa,
gajeriyar inuwa ta ƙarfe sha ɗaya na safe.

Ta sha faɗa min: washegarin wuta
ta rasa yadda za ta yi da hannuwanta,
sai ta yi wanki.
Ba ta taɓa cewa ta ji jirgi ba.
Yana can ƙololuwa, ba bindiga, ba bam,
wani ɗan mutane shi kaɗai da sanyi,
an aiko shi ya ga yadda aikin jiya ya yi kyau.
Can tsallaken teku wata tsarata
ta sunkuya kan wannan hoton, wuyanta na ciwo kamar nawa,
ta ƙirga rufin da ya rage, ta rubuta lamba.
Ko ta ga shanyar?
Ko ta ce a ranta, iska za ta busar kafin azahar?

Na daɗe ban ɗaga kai ba.
Da idona ya washe na ga ɗayan ɗigon,
taku ashirin daga igiya, kusa da bishiyar tuffa,
baƙi, zagayayye, ba shi da inuwa.
A kansa uwata ta koyi tafiya.
A kansa muka ci kek ranar bikin Gesche.

Na zagaye shi da jan biro.
Ran Alhamis aka kwashe layin kaf,
tsofaffi da kyanwoyinsu a zauren makaranta,
wani Sönke ya sauka ramin a hankali,
ya warware masa harshe da hannu biyu.

Takardar rahoto tana da gurbin zurfi,
da gurbin nauyi, da gurbin kwanan wata.
Na duba gaba da baya,
ban ga inda zan sa matar da ke shanya ba.