Facin Laraba

Ni mai faci ne a bakin titin Gawon Nama,
shekara goma sha tara ina kiwon iska.
In kora ta cikin taya, ta nemi ƙofar gudu,
in shafa yawu a bakin bawul in ga ko zai yi kumfa.

Wata Laraba, rana ta take tsaka,
irin zafin da kwalta ke riƙe silifa,
wata mata ta sauko daga keke, ta ce sunanta Keziya.
"Kai ne Haliru? An ce kana jin yoyon iska
tun ba a tsoma tib cikin ruwa ba."
Na ce a turo motar.
Ta ce ba mota ba ce.

Zauren taro ne a bayan ofisoshin gwamnati.
An manna takarda a ƙofa: Kwaya, ƙarfe ɗaya, shiga kyauta.
Yarona Namadina ya haɗa baƙi, ya zaro ido:
"Oga, ƙwaya suka rabo da rana tsaka?"

Ciki akwai wani akwatin katako, ogan suke ce masa,
haƙora farare da baƙaƙe, matakai biyu kamar keken tela.
Baba Senchi yana takawa, gumi har gemu,
akwatin yana huci kamar akuya mai mura.
Na durƙusa, na kwance bayansa.
Ashe zugazugi ne, irin na maƙera,
ɓera ya ci kusurwa ɗaya ya bar mini shaida.
Na yanko tib ɗin babur, na kankare, na shafa sholisho,
na hura, na jira, na danne da babban yatsa.

Kafin in tattara kaya mutane sun fara shigowa.
Masinja da kwanon shinkafa a cinya,
ma'aikatan jinya uku da farin takalmi,
direban wani alƙali, mai shara da tsintsiyarta,
wata tsohuwa tana ɓare gyaɗa a gefen zane.
Ba wanda ya tambayi wani daga ina.
Fanka biyu ke aiki cikin shida.

Sai su ashirin suka miƙe.
Baba Senchi ya aza yatsu,
wata murya mai kauri ta taso daga ƙasan siminti,
ta bi tafin ƙafata, ta zauna a ƙirjina.
Mata suka ɗora siririya a kanta, maza suka tallafe,
kamar masu miƙa wa juna bulo a kan gini.
Ta farko ban san yarenta ba.
Ta biyu da Hausa ce, kan ruwan farko a fadamar Rima,
tsohuwar nan ta manta da gyaɗarta.

Shekara goma sha tara ina kulle iska.
Ranar na fara ganin an sake ta da gangan,
kuma ashe tana da magana.

Biyu saura kwata suka rufe littafi,
masinja ya rufe kwano, kowa ya nemi ƙofa.
Keziya ta miƙo dubu biyu, na ɗauki ɗari biyar,
kuɗin sholisho, don aiki aiki ne.
Na yi alwala a famfon waje, na bi sahun Azahar,
hannuna bai daina warin roba ba.

Yanzu duk Laraba Namadina ke tsaron rumfa.
Ina zama kujerar ƙarshe ta hagu, kusa da akwatin.
Kowa na sauraron waƙa,
ni kunne ɗaya na kan facina.
Makon jiya na ji ɗaya kusurwar ta fara tsaki,
ƙasa-ƙasa, ko Baba Senchi bai ji ba.
Ban faɗa wa kowa ba tukuna.
Guntun tib ɗin dai yana aljihuna.