Dokar da Ban Rubuta Ba

Na ƙera Kantin Kwari a cikin kwamfuta,
a ɗakina na Gwammaja, da wutar janareton maƙwabci.
Mutum dubu na zuba, ba fuska, ba dangi,
kowa da lambarsa da dilar atamfarsa,
da abin da yake so, da ɗan abin da ya sani.

Na yanka musu doka da alamomin lissafi:
wannan wajibi, wannan hani, wancan an yarje.
Wanda ya ɗauki kaya bashi ya biya ran Alhamis,
in ya saɓa a soke sunansa.
Dillali ya ci la'ada, kada ya ci da baki biyu.
Na bi su ɗaya-ɗaya, babu mai karo da 'yar'uwarta.
Na danna. Kasuwa ta ci.

Kwana arba'in na na'ura, kafin shayina ya huce,
ta watse.
Kowa ya soke kowa.
Rumfa dubu, babu mai ba wani ko yadi guda.
Dare uku ina farautar kuskure,
lissafin kuwa tsaf yake, kamar sabon ɗinki.

Ran Asabar na je wurin Kawu Sammani a layin 'yan shadda.
Ina zaune Ɗanliti ya shigo,
wanda ake bi tun kafin azumi.
Kawu ya kifa littafin bashi, ya ɗora masa almakashi,
ya tambayi ƙafar gyatumarsa,
ya aika a sayo fura.
Da zai tafi, ya ƙara masa bandir biyu.

Na ce, Kawu, dokar fa?
Ya ce, tana nan. Ita ta kawo shi da ƙafarsa.
Nawa in yi kamar na manta,
nasa ya san ban manta ba.

Na dawo gida ta Ƙofar Mazugal ina juya maganar.
Kunya, tsakanin sifiri da ɗaya, nawa zan ba ta?
Wace alama ce ta kau da kai?
A kasuwar da in za a ce maka a'a
sai a ce albarka.

Na buɗe sabon layi, na rubuta: idan,
na tsaya.
Maƙwabci ya kashe janareto,
bai taɓa tambayata kuɗin mai ba.