Littafin Mai Awon Ruwa

Ƙarfe takwas da rabi nake fita,
da kabidon gora a baya kamar kunkuru,
in haura tudun bayan coci
inda mazurari ke jirana, baki buɗe.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
ina auna sama da kofin gilashi.

A garinmu, Mawsynram, ruwa ba baƙo ba ne.
Shi ne mai gida, mu 'yan haya.
Hadari kan taso daga teku,
ya ratso Bangaladash ba mai tare shi,
sai ya yi karo da duwatsunmu
ya kifar da kayansa duka a ƙofarmu
kamar ɗan dakon da wuyansa ya gaza.

Mukan shimfiɗa ciyawa bisa kwanon ɗaki
don mu ji maganar juna.
Duk da haka Ibalari, matata,
daga Yuni zuwa Satumba
da hannu take kirana cin abinci.
Gishiri ya zama ruwa a kwalba.
Ashana ta yi yaji.
Takalmin da na cire ran Lahadi
kafin Laraba ya tsiro gemu.
A kan murhu muka shanya kayan makarantar Wanrilang
har ta girma tana ƙanshin hayaƙi;
ko a Shillong, in ji ta, da shi ake gane ta.

Akwai wata rana a Yuni
da na juye kofi har hannu ya sage.
Mita guda, a kwana ɗaya tak.
Tsayin jikana ke nan, in ya miƙe sosai.
'Yan jarida suka hauro da lema masu launi,
iska ta mayar musu da su kwando.
Suka ce, "Bah Phrang, kun shiga tarihi!"
Na ce to.
Ban ce musu ƙasa ta zame a daren
ta tafi da gonar tsintsiyar maƙwabcina
da akuyoyinsa huɗu da tsanin da na ara masa ba.
Littafina ba shi da gurbin akuya.
Kwanan wata, lamba, sa hannu.

Wani malamin makaranta ya taɓa nuna mini
ɗigon tawada a taswira, bakin tekun Chile.
Arica, sunan garin.
Can aka yi shekara goma sha huɗu
sama ba ta ce uffan ba.
Tun ranar nake tunanin abokin aikina na can,
wanda ya riga kakana kwanta dama:
ya fito da safe, ya leƙa mazurari,
ya kori gizo-gizo,
ya lashi bakin fensir, ya rubuta sifili.
Gobe ma haka. Baɗi ma haka.
Shin shi ma ana biyansa?
Da ambulan na riƙe ruwa, da na aika masa Talata ɗaya.

Amma ku zo mana a Janairu.
Dutse ba tulu ba ne;
abin da sama ta ba mu, gangara ta karɓe,
yana can ƙasa yana yi wa wasu shinkafa.
Tun duhu Ibalari ke bin layin famfo,
tukunya biyu a kwandon goyo, igiya a goshi.
Mu da duniya ta sani da ruwa
muna tara ruwan wankin shinkafa
mu ɗauraye kwano da shi.

Ni ma ina hawa tudun, ba kabido.
In leƙa. In kori gizo-gizo.
A watan nan ni da mutumin Arica
rubutunmu ɗaya.

Da dare rufin ya yi tsit,
har tafasar shayi ana ji.
Ibalari na ba ni labarin layi,
wa ya yi tsallake, wa ya fasa tukunya,
ni kuwa ba labarin nake bi ba.
Muryar nake sauraro.
Ashe ta tsufa,
ruwa ne ya hana ni ji.