Gishiri a Bakin Kofi

Shekara tara ina tsaye bayan kanta
a otel ɗin bakin kogi,
farar riga, takalmi mai cizon ɗan yatsa,
ina zuba wa baƙi abin da ban taɓa kai wa bakina ba.
Margarita, in ji su.
Da farko na zaci sunan wata ce
da suke jira, ta ƙi zuwa.

Ranar da baƙin suka naɗe kayansu
aka kira mu ofis ɗaya bayan ɗaya.
Na fito da ambulan marar nauyi,
da ƴar wuƙata,
da hannun da bai san an sallame shi ba.

Yau Afrilu ya yi zaman dirshan a Bukoki.
Kuran ya tafi tun hantsi,
kwanon rufi sai ƙas, ƙas, kamar mai ƙidaya bashi.
Inna Kuluwa, da ta zo daga Tawa ganin likita,
ta ture tuwo, ta ture kunu,
ta ce bakinta ya mutu.

Sai na sauka Katako.
Motar Gaya ta sauke da asuba.
Ba a latsa mangwaro, Hima, sau nawa zan faɗa?
A gindin kara ake sunsunawa.
Uku na ɗauka, dala ɗari,
ya ƙara mini na huɗu mai tabo.
Ƙanƙara kuwa wajen matar Seini mai firigon sola,
a leda, na rugo da ita gida tana kuka a hammata.

Na yanke kumatun biyu, na bar wa Nafisa ƙwallon.
Ba inji, to akwai rariya
da bayan ludayi.
Ruwan ya sauko a hankali, mai kauri,
kalar rana in ta kusa faɗawa bayan gada.
Lemun tsami, a murza shi da tafi kafin a yanka,
in ba haka ba rowa yake yi.
Zuma cokali guda.
Ƙanƙarar na naɗe a tsumma
Tsahara ta ba ta taɓarya uku.

Saura gurbin kwalbar can.
Hannuna ya miƙa hagu da kansa,
ya tarar da bango.
Na jiƙa tsamiya, na kankare citta,
su ma sun iya yaƙushin maƙogwaro.

Gwangwanin madara mai murfi,
na ɗaga shi daidai kunne na girgiza,
kacau-kacau, kafaɗa ta tuna rawarta,
har kajin gidan suka tsaya kallo.

Sannan gishiri da garin tonka a faranti,
ɓarin lemu ya zagaye bakin kofi,
na kifa, na ɗago:
ya sha kwalli fari da ja.

Inna ta juya shi, ta sake juyawa.
Nomau, ba ruwan nan ba ne?
Na ce Inna, ruwan nan ya bi masu shi.
To wa ke sa wa mangwaro gishiri, miya ce?
Ta kurɓa.
Ta runtse ido, goshi ya tattare,
na ce shi ke nan, na yi asarar dala ɗari.
Sai na ga harshenta yana bin bakin kofin
sannu, sannu, har ya dawo inda ya fara.
Ta miƙo, ba ta dube ni ba.
Ƙaro.

Tsahara ta ce, can nawa kuke sayar da shi?
Jaka shida.
Kofi ɗaya?
Ta ajiye taɓarya.
Ta leƙa ƙofar gida, inda masu kabu-kabu
ke laɓe a ƴar inuwar bedi,
ta dawo ta buɗe kwando tana ƙidaya.

Kofuna huɗu gare mu, ta ce.
Ɗaya ya tsage.