Rigar Sanyi a Ikko

Da rigar sanyi biyu na taho daga Kwatarkwashi,
ɗaya ta ulu, ɗaya wadda Tasi'u ya aiko mini bara.
Ai na san Disamba, ba yau muka haɗu ba:
watan da man shanu ke daskarewa a kwalba,
watan da ake lallashin buta kafin alwala.
Sai ga ni a Agege da asuba,
zufa na bin gadon bayana kamar mai bin bashi.
Tasi'u ya karɓi jaka yana dariya:
"Inna, sanyi ba ya zuwa Ikko da kansa,
gaisuwa kawai yake aikowa."

Ran farko, danfo mai ruwan ɗorawa,
mu ashirin a mazaunin sha huɗu,
kwandasta rataye a ƙofa kamar jemage
yana gwanjon sunayen unguwanni.
Muka hau doguwar gadar nan.
Na fara tasbihi a bakinta,
na zagaye carbi sau biyar, ba ta ƙare ba.
Can ƙasa gidaje tsaye cikin ruwa da ƙafafun katako,
wata yarinya na tallar burodi a kwalekwale
ko a jikinta.

A Lekki akwai dajin da gari ya kasa cinyewa.
Sun ɗaura gadar igiya a kan itatuwa, tana lilo.
Na ce ba da ni ba,
ni da ƙasa akwai alkawari.
Asabe jikata ta haye, tana ɗago mini hannu.
Ina zaune ina ɓare ayaba
biri ya sauko, ya dube ni ido cikin ido,
ya karɓe ta kamar mai karɓar haraji.
Na yi shiru. Baƙo ba ya shari'a da ɗan gari.

A Balogun na ga atamfa mai zanen ganyen kuka.
Iya Morenike ba ta jin Hausa, ni ba na jin Yarabanci.
Da yatsu muka yi ciniki,
ta ɗaga takwas, na lanƙwashe mata biyu,
ta riƙe kai, na riƙe haɓa,
muka rabu a bakwai, kowa na ganin shi ya ci.

Da dare aka kai ni kallon fitilu.
An naɗe kowace bishiya da wuta, ja da kore,
ga barewar ƙwan lantarki ta ɗaga ƙafa, ta ƙi saukewa.
A tagar kanti an barbaza auduga,
wai ƙanƙarar Turai ke nan.
Audugar da muke tsinka a gona, ashe nan ta zo ta yi suna.
Wani ƙato cikin jar riga mai kauri da farin gemun aro
yana raba wa yara alewa, yana fifita da kwali.
Na tausaya masa.
Ni ma da irin shirinsa na zo.

Teku aka bar mini a ƙarshe.
Na tsaya nesa na yi masa sallama,
ya taho da gudu, ya taɓa ƙafata, ya koma.
Na ɗanɗana: miyar da aka cika wa gishiri
tun kafin a haifi kakata.
Na cika gora ɗaya saboda Ladidi maƙwabciyata,
wadda za ta ce ƙarya nake.

A jirgin ruwa muka juyo, bayan magariba.
Gari ya kunna kansa a ɗaya gaɓar.
Sai iska ta taso daga ruwa, siririya, mai haƙori.
Asabe, da jiƙaƙƙen siket, ta fara karkarwa.
Na buɗe jaka.
Kwana tara tana kwance a ƙasan kaya, ana mata dariya.
Na lulluɓe yarinyar da ita har kunne,
ta yi barci tana warin gishiri da hayaƙin murhuna.
Na dubi Tasi'u.
Ya kau da kai, wai yana kallon fitilu.