Mai Hoton Fasfo a Aboabo

Shagona bai fi faɗin tabarma biyu ba,
bayan tashar Aboabo, jikin mai gyaran fanka.
Farin ƙyalle a bango,
kujera ɗaya da na ɗaure ƙafarta da waya.
Duk shekarar da aka ce gwamnati za ta ɗebi masu kaki
sai layi ya kai har bakin kwata.

Ba na tambaya, kafaɗa ke faɗa mini.
Mai neman ɗan sanda ƙirjinsa ke riga shi shigowa,
ya haɗe gira kamar ya riga ya tsai da mota a Kejetia,
ya ce, "Baba Inusa, ka fito da ni da kwarjini."
In ce kwarjini ba ya cikin sidi ashirin,
ɗaga haɓa dai, kar ka ƙifta.

Ran Laraba na ƙirga a bayan kwalin sukari:
ɗan sanda arba'in da ɗaya,
gandiroba uku.
Cikin ukun ma ɗaya ya ce in rufa masa asiri,
uwarsa na zaton fom ɗin kwastan ya saya.

Ban ga laifinsu ba.
Ɗan sanda a titi yake, rana na goge masa maɓallai,
ana miƙa masa kujera a gidan suna,
surukai ma sukan sassauta murya.
Gandiroba kuwa tun asuba katanga ke haɗiye shi,
'yan unguwa su ce ai shi ma ɗaurarre ne,
albashi kawai ya raba su.

Dab da magariba, ina naɗe ƙyalle,
Sahadatu ta shigo da fom a cikin leda.
Ta zauna, kujerar ta yi kuka.
Na ce, "Ke ma titin kike so?"
Ta ce, "A'a. Adum, cikin katanga."

Na sauke kyamara.

Ta ce, "Wana Mutawakilu ya yi shekara huɗu a can.
Duk Asabar ni ke kai masa tuwo da miyar ayoyo.
Akwai wani dattijo a ƙofa, Atinga,
sai ya sa na ɗanɗana, doka ce,
amma yakan kau da kai don kar in ji kunya.
Kwanon a wanke yake dawo mini da shi,
ya ce: ya ci, kuma tarin ya yi sauƙi.
Shi ya tura shi wajen kafintoci da faɗa.
Wanda ya kama wana, Baba,
minti goma ya yi da shi, ko sunansa bai riƙe ba."

Ban ce komai ba. Na ce ta gyara mayafi,
kunne suke so su gani.
Hoton ya fito ido ɗaya ya ɗan fi ɗaya lumshewa,
ta ce a bar shi haka, ita ce.

Na mai da uku huɗu a bayan kwalin.

Ran Juma'a wani siririn mutum ya zo da guduma a aljihu,
ya kwance wayar, ya buga ƙusa shida,
ya ƙi karɓar ko kuɗin koko.
Yau da safe yaron Sulemana mai nama ya hau kujerar,
ya turo ƙirji, ya haɗe gira,
ba ta ko motsa ba.